YARON DA MUKE KIRA DAƘIƘI: LAIFINSA NE KO NAMU?



A shekara ta biyu bayan da aka naɗa ni firist, an aike ni wata majami'ar ƙauye domin in gwada yaran da suke shirin karɓar Jibi na farko. Katekis ya jera su a kan benci, su talatin da 'yan kai. Can baya akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda ya fi sauran tsayi. Da layi ya zo kansa, na miƙa masa littafin katikizim, na nuna masa wuri, na ce ya karanta tambaya ya ba da amsa. Ya ƙura wa takardar ido, leɓunansa suna motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Sauran yara suka fashe da dariya. Katekis ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Fada, ƙyale wannan, daƙiƙi ne. Shekararsa uku ke nan a aji ɗaya." Na ce wa yaron ya ƙara ƙoƙari ya dawo baɗi. Baɗi ta zo, shi bai zo ba.

Bayan shekara tara babur ɗina ya lalace a cikin gari, na tura shi wurin masu gyara. Wani saurayi ya tayar da injin, ya kasa kunne kaɗan, ya faɗa mini abin da ya lalace tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Da ya gama gyara ya ce, "Fada, ba ka gane ni ba?" Shi ne. Na tambaye shi abin da ya hana shi dawowa. Ya ce, "Fada, amsoshin nan duka na san su da ka. Karantawa ce ban iya ba. Da ka tambaye ni da baki, da na faɗa maka."

Tun daga ranar tambaya ɗaya take damun lamirina, ita ce kuma nake so mu yi tunani a kanta tare: sa'ad da yaro mai hankali ya kāsa koyon abin da muke koya masa ta hanyar da muke koya masa, laifin wa ke nan? Mene ne kuma hakkinsa a kanmu?

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kafin mu yanke hukunci, ya wajaba mu san gaskiyar al'amarin, gama hukuncin da ba a gina shi a kan gaskiya ba zalunci ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A shekarar 1887 wani likitan ido a ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, ya laƙaba mata suna disleksiya, watau wahalar karatu. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda ba ya baya a wasa ko a zance, amma ya kāsa karanta kalmomi masu sauƙi duk da shekarun da aka yi ana koya masa. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki ake yin dukan koyarwa, da shi zai zo na ɗaya a makarantar. A 1963 kuwa, a wani taron iyaye da malamai a birnin Chicago na Amurka, Samuel Kirk ya ba irin waɗannan matsaloli suna guda, wanda za mu iya fassara shi da tawayar koyo. A ciki akwai wahalar karatu, da wahalar rubutu, da wahalar lissafi wadda ake kira diskalkuliya.

Yaran ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a kundinta na 2013, ta ƙiyasta su tsakanin 5 zuwa 15 cikin kowane yara 100 da suka isa makaranta. Idan muka auna da wannan, a ajin yara 60 za a iya samun 3 zuwa 9. Abin yakan bi jini, shi ya sa sau da yawa uban da yake dūkan ɗansa saboda karatu shi ma ya sha irin wannan dūka a zamaninsa. Ba na maza kaɗai ba ne kuma. Binciken da Sally Shaywitz da abokan aikinta na Jami'ar Yale suka fara a 1983, inda suka bi diddigin yara 445, ya nuna cewa 'yan mata ma suna fama da shi sosai, sai dai makarantu sun fi lura da maza domin su ne suke ta da ƙura, ita kuwa yarinya takan yi shiru a kusurwa.

To, me yake faruwa a cikin kan yaron? Magana baiwa ce da aka haife mu da shirinta. Jariri yana goye a bayan uwarsa yake tsintar harshe, ba wanda ya sa shi a aji. Karatu ba haka yake ba. Rubutu bai wuce shekara dubu biyar da ɗoriya a duniya ba, ba a kuwa haifi kowa da wurin karatu a ƙwaƙwalwarsa. Dole ne kowane yaro ya shimfiɗa sabuwar hanya a cikin kansa, wadda za ta haɗa sashen da yake gane abin da ido ya gani da sashen da yake sarrafa sautin magana. Wani masani Bafaranshe, Stanislas Dehaene, tare da abokan aikinsa, sun nuna cewa akwai wani ɗan wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, ta ƙasa bayan kunne, wanda a hankali yakan koma wurin gane haruffa da kalmomi sa'ad da mutum ya koyi karatu.

Mabuɗin wannan hanya shi ne yaro ya gane cewa kalmar da yake furtawa gutsure-gutsuren sauti ce aka harhaɗa. Kalmar "kaza" sautuka huɗu ce. In ka cire na farko ka sa "m", ta zama "maza". Yawancin yara sukan gane wannan da ɗan taimako kaɗan. Mai disleksiya kuwa, kunnensa lafiya lau, idonsa lafiya lau, yana jin kalmar yana kuma fahimtar ma'anarta, amma rarrabe gutsuren sautin da manna kowanne da harafinsa yana yi masa wuya ƙwarai. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sa'ad da irin wannan yaro yake ƙoƙarin karatu, wuraren nan na gefen hagu ba sa aiki da ƙarfi kamar na sauran yara. Yana isa inda za shi, amma ta doguwar hanya, kamar mai zuwa kasuwa da ya tarar gada ta karye. Kafin ya kai ƙarshen layi ya gaji, ya kuma manta farkonsa. Wanda muke kira rago sau da yawa ya fi kowa a ajin shan wahala.

Harshen da ake koyarwa da shi ma yana da tasiri. A 2001 wani bincike da Eraldo Paulesu ya jagoranta ya gwada masu disleksiya daga Italiya da Faransa da Ingila. Aikin ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma na Italiya sun fi iya karatu, domin a harshensu yadda aka rubuta kalma haka ake furta ta. Hausar boko ta fi kusa da wannan, Turanci kuwa harafi ɗaya yakan fito da sauti iri iri. Ku duba nauyin da muke ɗora wa yaron da ake so ya fara karatu da Turancin da ko a gida ba ya ji.

Ga labari mai daɗi kuma. Ƙwaƙwalwa tana sākewa da koyarwa. A 2002 wasu masana a birnin Houston na Amurka sun ɗauki yara 8 masu tsananin wahalar karatu, suka ba kowannensu koyarwa ta musamman ta sa'o'i 80 a kan sautuka da haruffa. Karatunsu ya gyaru, hotunan ƙwaƙwalwarsu kuma suka nuna gefen hagun nan ya fara aiki. A 2010 Dehaene ya nuna cewa har manyan da suka koyi karatu bayan sun girma, a Brazil da Fotugal, ƙwaƙwalwarsu ta sāke. Sannu ba ta hana zuwa.

INA LAIFIN YAKE?

A seminari an koya mana cewa kafin a ce mutum ya yi laifi, sai ya zamana ya san abin da yake yi, ya kuma yi shi da son ransa. Ba a tuhumar kowa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ba mu dūkan gurgu domin bai yi gudu ba, gama muna ganin ƙafarsa. Yaron da muke magana a kansa, tawayarsa a ɓoye take, ita ce ta sa muke ɗauka da gangan yake yi. Amma ɓoyuwar ciwo ba ta mai da shi laifi. Bulalar da aka yi wa yaro domin abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta riga ta iya ba horo ne a inda babu laifi, horo a inda babu laifi kuwa sunansa zalunci.

Bulalar ma ba ta biyan bukata. Tsoro yana cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi. Yaron da yake kallon hannun malami ba ya kallon harafi. Kowane babba da aka taɓa tsayar da shi gaban jama'a ya manta abin da ya sani sarai ya san wannan.

Na biyu, akwai maganar suna. Doka ta takwas ta hana shaidar zur, mu kuwa mukan ɗauka a kotu kaɗai ake yin ta. Idan na kira yaro daƙiƙi alhali ba daƙiƙi ba ne, na ba da shaidar ƙarya a kansa, a gaban abokansa, a gaban iyayensa, mafi muni kuma a gaban kansa. Babba zai iya musu. Yaro kuwa yakan karɓi abin da manya suka faɗa a kansa ya mai da shi gaskiya, ya daina gwadawa. A 1986 wani masani, Keith Stanovich, ya bayyana yadda ratar take buɗewa: mai iya karatu yana jin daɗinsa, yana ƙara yi, yana ƙara kalmomi, wanda ya sha wuya a farko yana gudunsa, yana ƙara zama a baya kowace shekara. Ya ari sunan wannan al'amari daga Bisharar Matiyu. Ɗan tsagin da aka iya toshewa a aji ɗaya ya zama rami a aji shida.

Na uku, mene ne adalci a cikin aji? Malami zai ce, "Ni ban nuna bambanci ba. Abin da na koya wa wannan shi na koya wa wancan." Amma tun zamanin dā masu hikima, har da Waliyyi Toma Akwinas, sun bayyana adalci da cewa a ba kowa abin da yake hakkinsa. Uwar da ta ba jariri da ɗan shekara goma tuwo iri ɗaya, malmala iri ɗaya, ta daidaita su, amma ba ta ciyar da jaririn ba. Hakkin yaro a makaranta shi ne a koya masa ta yadda zai koya. Zama a kan benci ana magana a bisa kansa bai cika wannan hakki ba.

Kada kuma mu faɗa wani kuskure. Wani zai ce, "Mu kula da su, wa ya sani ko akwai babban injiniya a cikinsu." Gaskiya ne akwai masu baiwa a cikinsu, kamar mai gyaran babur ɗina. Amma akwai kuma yaran da fahimtarsu gaba ɗaya take tafiya a hankali, waɗanda ba za su taɓa zuwa na ɗaya a kome ba. Idan dalilin kulawarmu shi ne ribar da za mu ci nan gaba, to waɗannan mun yashe su ke nan. Darajar yaro ta riga sakamakon jarrabawarsa zuwa, gama an halicce shi cikin kamannin Allah tun bai san harafi ko ɗaya ba. Domin wannan daraja muke koya masa.

Iyayenmu da malamanmu na dā fa, da suka yi dūka, masu laifi ne? A nan ma akwai bambancin da aka koya mana: akwai rashin sanin da mutum ba shi da hanyar fita daga cikinsa, akwai kuma wanda mutum ya ga ƙofa ya ƙi fita. Yawancinsu sun yi iyakar abin da suka sani, cikin ƙauna. Mu kuwa an faɗa mana. Wanda ya karanta wannan takarda ya fita daga sahun farko.

ABIN DA ZA A CE MINI

Na san malama za ta ce, "Fada, yara tamanin gare ni a aji, albashi ba ya zuwa a kan kari. Ina zan sami lokacin yaro ɗaya?" Wannan kuka gaskiya ne, kuma ka'idar da ta kāre yaron ita ce ta kāre ki: ba a tuhumarki da abin da ya fi ƙarfinki. Babban nauyin yana kan hukuma da masu makarantu, har da namu na Ikilisiya. A 1994 gwamnatoci 92 sun amince a birnin Salamanca na ƙasar Spain cewa makaranta ce za ta daidaita kanta da bukatun yara, a watan Janairu na 2019 kuma Nijeriya ta kafa dokar hana nuna wa masu tawaya bambanci. Akwai Kwalejin Ilimi ta Musamman a Oyo da sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos, inda ake horar da malaman wannan fanni. Ya kamata makarantunmu su nemi irin waɗannan malamai. Duk da haka, ajiye bulala ba ya cin kuɗi, barin baƙar magana kuma ba ya cin lokaci.

Uba kuma zai ce, "Wannan ba zai ba ragwaye mafaka ba?" Akwai ragwanci a duniya, ban musa ba. Amma ana gane shi. Rago yakan iya in ya ga dama. Wannan yaro kuwa yana so, yana gumi, ya iya kalma yau gobe ta ɓace masa, ya amsa daidai da baki ya kāsa a takarda. Abin da nake roƙo ma ƙarin aiki ne gare shi, sai dai aikin da zai haifi ɗa mai ido.

Mu ma a Ikilisiya muna da abin gyara. A 1910 Fafaroma Pius na Goma ya ba da umarni cewa yaro yana iya karɓar Jibi tun yana wajen shekara bakwai, muddin ya iya bambanta Jibin da gurasar yau da kullum, dokar Ikilisiya ta 1983 kuma ta ce yara su fahimci asirin gwargwadon iyawarsu. Ba inda aka sa iya karatu ya zama sharaɗi. Ni ne na ƙara shi ranar nan a ƙauye. Mu tuna kuma da Waliyyi Yohanna Vianney, wanda Latin ya gagare shi har aka sallame shi daga seminarin Lyon. Wani firist, Fada Balley, ya ɗauke shi ya koya masa shi kaɗai, har aka naɗa shi a 1815. Da Fada Balley ya ce daƙiƙi ne, da ƙauyen Ars bai sami makiyayinsa ba, da mu firistocin majami'u ba mu sami waliyyinmu ba.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Iyaye, idan yaro ya gama shekara biyu a makaranta bai iya haɗa haruffa ba, kada ku jira ya girma ya waye, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara kai shi a duba idonsa da kunnensa. Ku tuna ko ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani da suma, ku faɗa wa likita. Ku tabbata ba da yunwa yake zuwa aji ba. Kada juya harafi, kamar rubuta "b" a maimakon "d", ya firgita ku a farko, domin ƙananan yara da yawa suna yin haka. Abin dubawa shi ne in ya daɗe bai bari ba, tare da sauran alamu. Ku riƙa karanta masa labari da baki, ko ku sa yayarsa ta karanta masa, domin kada iliminsa ya tsaya jiran idonsa. Ku nemi abin da ya iya, ku yaba masa a gaban mutane.

Malamai, hanyar da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka tun shekarun 1930 ba ta bukatar na'ura. Sauti ɗaya da harafinsa, a koya shi sosai kafin a wuce. Yaro ya ga harafin, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a kan yashi, ya ji shi a kunnensa, domin ido da baki da hannu su taimaki juna. A fara da sauƙi a hau zuwa wuya, a riƙa komawa baya ana maimaitawa. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi sa'a biyu ranar Asabar. A fara da harshen da yaro yake ji. Mai wahalar lissafi a ba shi tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa ya ƙirga da hannu kafin a kai shi ga lambobi a kan allo. A zaunar da shi gaba, a ba shi umarni ɗaya ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, kada kuma a tsayar da shi ya yi karatu gaban aji ba shiri.

Katekis da masu koyar da yara ranar Lahadi, ku tambayi yaro da baki, a gefe, cikin natsuwa. Ku yi amfani da hoto da waƙa da labari. Abin da muke nema shi ne mu san ko ya gane wanda zai karɓa. Zumuntar Mata da matasan da suka gama sakandare kuma, in kowace majami'a ta sami mutum biyar da za su zauna da yara biyu biyu bayan makaranta, da yawa za su tsira.

Saurayin nan ya karɓi Jibinsa na farko yana da shekara ashirin da ɗaya. Da baki na tambaye shi, bai kuskure ko ɗaya ba. Kafin wannan rana na roƙe shi gafara, ya yi dariya ya ce ya wuce. A wurinsa ya wuce, amma shekaru goma da ya yi a waje ba wanda zai mayar masa.

Saboda haka, 'yan'uwana, yanzu da yara suke komawa makaranta da ajin katikizim, ina roƙon kowane uba da uwa da malami ya tuna da yaro ɗaya da ya riga ya fid da rai a kansa. Ku san sunansa. A makon nan ku kira shi, ku zauna da shi, ku tambaye shi inda abin yake yi masa wuya, ku saurari amsarsa har ƙarshe.

Allah ya ba mu haƙuri da hikima, ya albarkaci 'ya'yanmu duka. Amin.